Nailan, Fuloro ko Kitsattse: Wane Zare Za Ka Ɗora wa Ril ɗin Betkasta?

Duk wanda ya taɓa zama a bakin ruwa yana tsefe zaren da ya cukurkuɗe a cikin ril ɗin betkasta, wato wata irin na'urar naɗe zaren fatsa da ake ɗaurawa a sandar kamun kifi, kifi na ta ɓulla a gabansa, ya san zaɓen zare ga irin wannan ril ba abin wasa ba ne. Dalilin yana cikin ƙirarsa. A ril ɗin sifinin, wanda ke rataye a ƙarƙashin sanda, kwarkwaro tsaye yake cik, zare ne ke warwarowa ta bakinsa. A betkasta kuwa, da ke zaune a saman sanda, kwarkwaron kansa ne ke juyawa idan ka yi jifa. Koto ya fizgi zare, zare ya juya kwarkwaro, kwarkwaro ya ɗauki gudu. Da zarar iska ta rage wa koto gudu ko ya faɗa ruwa, in kwarkwaro bai rage nasa ba, zai ci gaba da sakin zaren da babu mai jan sa, sai zaren ya kumbura ya sarƙe a ciki.

Tun farkon ƙarni na 19, da George Snyder, wani mai gyaran agogo a jihar Kentucky ta Amurka, ya ƙera kakan wannan ril, ake fama da matsalar. Kamfanin ABU na Suwidin ya fito da Ambassadeur a 1952 da birkin da ke aiki da ƙarfin juyawar kwarkwaro, Daiwa ta kawo birkin maganaɗisu a farkon shekarun 1980, Shimano ta sa na lantarki a 2003. Kowannensu ya rage matsalar, babu wanda ya kawar da ita. Abin da ya gagari birki, babban yatsanka da kake danna kwarkwaro da shi, da zaren da ka ɗora, su ne ke cike gurbinsa. Zaren kuwa iri uku ne: nailan mai sili ɗaya wanda ake ce wa mono, fulorokabon ko fuloro a taƙaice, da kitsattsen zare wanda ake ce wa bired.

Kafin a ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, akwai wurin da mutane da yawa ke ɓata tun a wajen saye. Lambar da ke da girma a jikin kwali ita ce ta ƙarfi, wato nauyin da zaren zai ɗauka kafin ya tsinke, laba 10, laba 12, laba 30, ita kuma ido ke fara gani. Amma kwarkwaron betkasta bai san ƙarfi ba, kauri ya sani. Ril matsakaici kan ɗauki wajen mita 110 na nailan mai laba 12, wanda kaurinsa ke kusa da milimita 0.33, kuma da zare mai kaurin da ke kewayen nan yake jin daɗin aiki. Kitsattse mai laba 30 kaurinsa kusan na nailan mai laba 8 ne, mai laba 50 ya yi daidai da nailan mai laba 12, mai laba 65 da mai laba 16. To wanda ya saba da nailan mai laba 12, ya je ya sayi kitsattse mai laba 12 yana ganin ya musanya daidai da daidai, ya ɗauko zaren da bai kai kaurin nailan mai laba 4 ba. Wannan zare ba zai bar shi ya zauna lafiya a betkasta ba. Ka fara duba milimita, sannan laba.

Nailan

Shi ne dattijon ukun. DuPont ta sanar da nailan a 1938, zaren fatsa na farko da aka yi da shi kuma ya yi tauri ƙwarai, sai a 1959 da aka fito da Stren, mai laushi da siranta, masu kamun kifi suka karɓe shi hannu biyu. Abin da ya sa har yau bai bar kasuwa ba shi ne sauƙin hali. Yana kwanciya luf a kan kwarkwaro, yana riƙe kusan kowane ƙulli, nauyinsa kuma bai fi na ruwa da yawa ba, wajen 1.14 in an ɗauki ruwa a matsayin 1, don haka a hankali yake nitsewa, ba ya jan koton saman ruwa zuwa ƙasa.

Babban halinsa talewa ne. Yakan tale kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonsa kafin ya tsinke, kuma wannan hali shi ne amfaninsa, shi ne aibinsa. Idan kana jifa da koton roba mai ƙananan ƙugiyoyi masu baki uku, kifi ya kama ya yi tsalle yana girgiza kai, talewar ce ke shanye fizgar, ƙugiya ba ta yage bakinsa ta fita. Amma idan koto yana can nesa, mita 30 a ce, ko kashi 5 cikin 100 kawai zaren ya tale, mita ɗaya da rabi ke nan na bugun sandarka ya tafi a banza kafin ƙarfin ya isa ƙugiya. Da babbar ƙugiya mai kauri, wadda sai da ƙarfi take huda, nan ake rasa kifi. Haka kuma taɓin kifi mai sanɗa a ƙasan ruwa, nailan kan haɗiye shi kafin ya iso hannunka.

Yana shan ruwa, ƙarfinsa ya ɗan ragu, rana kuma tana cin sa. In ya daɗe a naɗe sai ya riƙe lanƙwasar kwarkwaro, ya riƙa fita a nannaɗe. Shekara guda ta ishe shi, mai yawan fita kuma ya sauya tun kafin nan. Duk da haka, ga wanda yake koyon betkasta ban ga na biyunsa ba. Mai koyo zai cukurkuɗa zare, babu makawa, kuma nailan ya fi sauran sauƙin tsefewa. In ta ƙi warwaruwa a sa almakashi, shi ne mafi araha a cikinsu, yanke shi ba ya sa zuciya ta yi zafi. Mai laba 12 zuwa 15 shi ne daidai.

Fulorokabon

A ido kamar nailan yake, a hali kuwa sun yi nisa. Kamfanin Kureha na Japan ne ya fara yin zaren fatsa da shi a 1971 da sunan Seaguar, kuma shekaru da yawa a matsayin gajeren zaren gaba, wanda ake ɗaurawa tsakanin babban zare da koto, kawai ake amfani da shi, saboda taurinsa. Daga baya aka tausasa shi har ya zama ana cika ril da shi.

Nauyinsa wajen 1.78 ne, don haka nitsewa yake yi sosai. Wannan shi ne ainihin darajarsa a wurina, fiye da abin da ake yawan tallata shi da shi. Koton da ake ja a ƙasa yana saurin isa ƙasa, zaren kuma yana miƙewa kai tsaye daga bakin sanda zuwa koto, ba ya yin ciki a saman ruwa, don haka ko zare bai ɗame sosai ba kana jin taɓi. Ba ya shan ruwa, rana ba ta cin sa kamar nailan, fatarsa mai tauri kuma tana jure gurzar dutse da itace.

Abubuwa biyu da ake faɗa a kansa suna bukatar a rage musu gishiri. Na farko, wai kifi ba ya ganin sa. Gaskiya ne yadda yake karya haske, 1.42, ya fi kusa da na ruwa, 1.33, fiye da na nailan da ke wajen 1.53. Ya fi ɓoyuwa, amma bai ɓace ba, kuma a ruwa mai laka wannan bambanci ba ya tsinana komai. Na biyu, wai ba ya talewa. Yana talewa, kusan kamar nailan ma, sai dai yana bukatar ja mai ƙarfi kafin ya fara, kuma in ya tale da yawa ba ya komawa yadda yake. Idan ƙugiya ta maƙale ka ja har zare ya tsinke, tsawon da ya sha jan ya riga ya sirance ya yi rauni, sai ka yanke ƴan mitoci ka yar.

A cikin betkasta ne halinsa ke fitowa fili. Tauri ya sa ba ya son zama a naɗe, da ka ɗan saki yatsa sai ya ɗago. Nauyi ya sa kwarkwaro ya yi nauyi, wanda ke nufin ya fi wuyar tashi da ƙaramin koto, in ya tashi kuma ya fi wuyar tsayawa. Mafi muni, cukurkuɗewa ɗaya kan iya lalata shi: duk inda ya karye kwana a cikin sarƙewar, wurin ya yi rauni ko da ka warware, har wani lokaci za ka ga ya yi fari-fari. Can gaba sai ka yi jifa ka ga koto ya tafi shi kaɗai, ko zare ya tsinke a kan kifin da ka wuni kana nema. Ƙullinsa ma sai an jiƙa, a ja a hankali, don zafin gogayya yana ƙona shi. Ga tsada. Wannan zaren wanda yatsansa ya riga ya ƙware ne. Mai laba 12 zuwa 17 ya fi biyayya, daga laba 20 zuwa sama taurin ya fara yawa ga ƙaramin ril. Kada kuma a haɗa shi da koton saman ruwa, zai riƙa dulmiyar da hancin koton ya ɓata masa tafiya.

Kitsattse

Ba sili ɗaya ba ne, siraran zaruruwa ne na wata roba mai ƙarfin gaske aka kitse, wadda kamfanin DSM na Holan ya fitar da sunan Dyneema, a Amurka kuma ake yin irinta da sunan Spectra. A farkon shekarun 1990 ya shigo harkar fatsa. Nauyinsa 0.97, wato bai kai ruwa ba, yana zama a sama. Talewarsa ƴar kaɗan ce ƙwarai, don haka komai ya taɓa koto sai ka ji, dutse ne ko ciyawa ko bakin kifi, kuma bugu kaɗan ya isa ya kafa ƙugiya ko daga nesa. Ba ya riƙe lanƙwasa. Yana shekaru a ril. Launinsa zai koɗe amma ƙarfin na nan, in gaban ya fara gashi-gashi sai a juya shi, na ciki ya dawo waje. Akwai mai kitso huɗu, mai kaushi da ƙara a zobban sanda amma gwanin yanka ciyawa, akwai mai kitso takwas, mai santsi da shiru, wanda ya fi tafiya nesa.

Da wannan kaɗai za a duba, da an rufe magana. Amma kitsattse yana da aibi na musamman a betkasta, shi ne nutsewa cikin kansa. Siriri ne, ga santsi, ba ya talewa, to idan ka ja babban kifi ko ka fizgi ƙugiyar da ta maƙale, zaren sama sai ya kutsa tsakanin naɗin da ke ƙasa ya maƙale. A jifa na gaba, kwarkwaro na cikin gudu sai ya tsaya cak a wurin. Ko dai zare ya cukurkuɗe, ko koto mai nauyi ya tsinke shi ya wuce. Maganin abu biyu ne: kauri da ɗamewa. Ban ba kowa shawarar ya sauka ƙasa da laba 30 a ril na yau da kullum ba, laba 40 ko 50 ma ya fi kwanciyar hankali, ba don kifin yana bukatar ƙarfin ba, don kwarkwaro yana bukatar kaurin. Bayan kowane ja mai ƙarfi kuma, ka zaro ƴan mitoci da hannu ka sake naɗewa kafin ka yi jifa.

Sauran aibinsa a san da su. Kifi na ganin sa a ruwa mai haske. Ƙarfinsa a ja yake, ba a gurza ba: bakin dutse mai kaifi ko ɓawon kawa kan yanke shi nan take, inda fuloro mai kauri ɗaya zai tsira. Ƙulli na yau da kullum kan zame a jikinsa, sai irin Palomar. Cukurkuɗewa ba ta raunana shi kamar fuloro, amma in ta yi zurfi ta fi kowacce wuyar tsefewa. Kuma don Allah kada ka naɗa shi a hannu ka ja idan ƙugiya ta maƙale, yana yanka fata har nama. Kada ka ja da ril ma, sandar kwarkwaro na iya lanƙwashewa. Nemi guntun itace ka naɗa a kai ka ja.

Da yawa suna haɗa biyu: kitsattse a ril, sannan mita ɗaya zuwa biyu na fuloro ko nailan a gaba, a ɗaure su da ƙullin FG ko Uni biyu. Dabara ce mai kyau, tana ba ka jin taɓi na kitsattse da ɓoyuwa da jure gurza na fuloro. Abu ɗaya za a kiyaye a betkasta: idon da ke kai da komo yana jera zare a kan kwarkwaro ƙarami ne, ƙulli mai kauri na iya karo da shi a tsakiyar jifa. Ka gajarta zaren gaban yadda ƙullin zai tsaya a waje da ril lokacin jifa. FG ya fi siranta, ya cancanci wahalar koyonsa.

To wanne?

Ruwan da kake shiga da koton da kake jefawa su ne alƙalai. Cikin bado da kainuwa da ciyawa mai duhu, inda dole ka fizgo kifi da ƙarfi kafin ya naɗe zare a saiwa, babu gardama: kitsattse mai laba 50 zuwa 65, a ɗaure kai tsaye ba zaren gaba. Ruwa mai haske da duwatsu a ƙasa, koton da ake ja a hankali a gindi, wannan gidan fuloro ne. Koton saman ruwa, nailan ko kitsattse. Koto mai ƙugiyoyi masu baki uku, nailan, ko fuloro in kana so ya ƙara zurfi. In ka nace sai kitsattse, to ka sassauta birkin ja, wato wanda ke sakar wa kifi zare idan ya ja da ƙarfi, ka kuma yi amfani da sanda mai laushi.

Mai ril ɗaya tak shi ne ke cikin tsaka mai wuya, kuma ga nawa hukuncin. In har yanzu kana cukurkuɗa zare a kai a kai, nailan mai laba 12 ko 15, kada ka ji kunyar sa. In yatsanka ya zauna, kitsattse mai laba 40 da zaren gaba da kake sauyawa gwargwadon wuri: fuloro yau a duwatsu, nailan gobe da koton sama, jibi ka cire gaba ɗaya a ciyawa. Cika ril ɗaya tilo da fuloro shi ne zaɓin da ban cika so ba, domin ya rufe maka ƙofar koton sama, kuma kuskure ɗaya kan cinye rabin zaren.

Ɗora shi

Zare mai kyau da aka ɗora da sakaci ya fi zare matsakaici ba da wahala. Ɗaura ril a sanda, zura zare ta zobban sanda, ko aƙalla zoben da ya fi kusa da ril, sannan ta idon nan mai jera zare. Mutane kan manta idon, sai sun gama ƙulli su tuna. Zagaya kwarkwaro ka yi ƙulli mai zargewa, ka datse wutsiyar. Kwarkwaron da zaren ya zo a kai kuma a soka masa fensir ko ƙarfe a tsakiya, a riƙe shi a tsaye yadda zai riƙa juyawa, zare na fitowa ta samansa yana shiga ta saman na ril. A haka lanƙwasar da ya zo da ita ta dace da wadda zai shiga. Kwantar da shi a ƙasa zare na warwarowa ta gefe dabarar ril ɗin sifinin ce, a betkasta murɗa zare take yi.

Ka ɗaure birkin ja, ka matse zare da jiƙaƙƙen tsumma a gaban ril, ka naɗa da gudu ɗaya ba gaggawa. Nailan matsi matsakaici yake so, in ka ja shi da yawa zai hau a tale ya matse kwarkwaro. Fuloro ya fi son matsi kaɗan sama da haka. Kitsattse kuwa sai ka ɗame shi iyakar ƙarfinka, har in ka danna da farce ka ji tauri, ba ya lotsawa. In ya lotsa, warware ka sake.

Kitsattse yana da ƙarin sharaɗi. In ka ɗaure shi kai tsaye a kan ƙarfe mai santsi, duk naɗin zai riƙa juyawa a kan kwarkwaro kamar zoben da ya yi wa yatsa yawa. Kifi zai ja, zare ya fita, ka ɗaure birkin ja har ƙarshe bai tsaya ba, ka ɗauka ril ne ya lalace alhali lafiyarsa lau. Ka fara shimfiɗa nailan ya rufe ƙarfen, ka haɗa shi da kitsattsen da Uni biyu. In babu, ɗan salatif na lantarki a kan ƙullin farko ya wadatar, in kuma kwarkwaron mai huji-huji ne a ɗaure ta cikin huji. Shimfiɗar nailan tana da wani amfanin ma ga fuloro: jifa ba ta cika wuce mita 50 ba, don haka mita 70 na zare mai tsada a sama ya isa, ƙasan a cike da mai araha. Sai dai in kifin da kake nema mai dogon gudu ne, nan kam a cika da na gaske.

Ka tsaya saura milimita 2 zuwa 3 zare ya kai bakin kwarkwaro. In ya wuce haka zai goga jikin ril ya riƙa zubowa, in ya gaza da yawa jifa ta gajarta, kowane juyi na hannu kuma ya ɗebo zare kaɗan. Da fuloro, ko ga mai koyo, rage ƙarin milimita ɗaya yana sauƙaƙa sarrafawa. Tsohon zaren da ka cire kuma a yayyanka shi a zuba a shara, kada a bar shi a bakin ruwa, tsuntsaye da kunkuru na sarƙewa a ciki su mutu.

Sabon zare ya sauya nauyin kwarkwaro, don haka saitin da ka saba da shi jiya ba lalle ya yi yau ba, musamman in daga kitsattse ka koma fuloro. Ɗaura koton da za ka yi aiki da shi, ka ɗaga sanda, ka saki kwarkwaro, ka daidaita murfin matsin da ke gefen hannu har koto ya riƙa sauka a hankali, kwarkwaro ya tsaya da ya taɓa ƙasa. Ƙara birkin jifa sama da yadda ka saba, ka riƙa ragewa kaɗan-kaɗan bayan jifa ta daidaita. In fuloro ka ɗora, ko kana koyo, zaro zare tsawon jifarka mafi nisa da ƙarin mita 10, ka manna guntun salatif a kan abin da ya rage a kwarkwaro, sannan ka naɗe. Ko zare ya cukurkuɗe, a kan salatif ɗin zai tsaya, na ƙasa bai taɓu ba.